Rinin Ɗakin Awo: Daga Wanke Gilashi Zuwa Tattalin Nama a Ƙasar Madawa

A kowane ɗakin awo na asibiti, daga na Madawa har na Yamai, akwai wani ɗan fallen gilashi mai tsawon santimita 7 da rabi da faɗin santimita 2 da rabi. A kansa ake shafa jini ko majinar ƙirji, ko a ɗora yankin nama, a rina, sannan a duba da madubin likita. Tarihin wannan sana'a a ƙasar Madawa da Buza da Keita ya rataya ne a kan tambaya guda: tsakanin gilashin da abin da aka ɗora masa, wanne ne ba a iya mayarwa idan ya salwanta? Shekaru masu yawa amsar ita ce gilashi, domin daga Turai yake zuwa, jini kuwa yana nan a yatsan mara lafiya, sai a sake tsaga a ɗiba. Shi ya sa ma'aikata suka goge wajen wanke gilashi su sake aiki da shi. Yanzu da ciwon daji ya fara fitowa fili, amsar ta juya. Gilashi ya yi araha, abin da ya yi tsada shi ne ɗan naman da aka ciro daga nonon wata mata ko wuyan wani yaro. Ra'ayina shi ne, dabarar nan ta cire rinin farko daga yankin nama a sake rina shi don wani gwaji, wadda aka ƙago a manyan asibitocin Amurka da Turai, mutanen karkara irin na kwarin Tarka da Majiya ne suka fi kowa bukatarta, da sharaɗin a yi ta bisa ƙa'idar da tsoffin masu wanke gilashi suka riga suka sani.

Asalin sana'ar rini ne, rini irin na tufafi. A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin masassara, daga kwaltar gawayi, sai ya ƙare da wani launi ruwan makuba mai kama siliki. Daga nan masana'antar galura ta tashi, Jamusawa suka karɓe ragamarta. A 1876 Heinrich Caro na kamfanin BASF ya haɗa shuɗin metilen, a 1897 kuma kamfanin ya fito da shunin inji kasuwa, abin da ya durƙusar da noman baba a Indiya, daga baya ya iso har karofin ƙasar Hausa. Galurar da ta shigo kasuwanninmu, ta riƙa ture karan dafi wajen rina fata da kabar da ake saƙa tabarmin Madawa, 'yar gida ɗaya ce da wadda likitoci suka ɗauka. Abin da ya ja hankalin likitoci shi ne kowane launi yana da abin da yake so ya kama. A 1880 Alphonse Laveran ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin wani soja a Kustantina ta Aljeriya ba tare da rini ba, da ƙyar kuma aka yarda da shi. Da Romanowsky ya gauraya shuɗin metilen da jan iyozin a 1891, Gustav Giemsa na Hambog kuma ya daidaita haɗin a 1904, sai ƙwayar ta fito ƙarara: jikinta shuɗi, cibiyarta ja. Haka Robert Koch ya nuna ƙwayar tarin fuka a 1882, Ziehl da Neelsen suka gyara rinin ya zama wanda ake yi har gobe, inda ƙwayar ke riƙe ja ko an zuba mata asid.

Ta hanyar yaƙi da annoba madubin ya shigo Afirka ta Yamma. Eugène Jamot ya kafa salon ayarin likitoci masu yawo a Kamaru don ciwon barci: a tara gari, a duba kowa, a shafa jini a gilashi nan take. Gaston Muraz ya faɗaɗa tsarin daga Bobo-Julaso a 1939, a 1945 kuma aka mai da shi hukumar da ta haɗa da kuturta da masassara da sauran manyan cututtuka a ƙasashen da Faransa ke mulka, har da Nijar. Masu duba gilashin galibi ba likitoci ba ne, 'yan ƙasa ne da aka koya wa aiki guda suka iya shi sarai. A 1950 mishan ta SIM ta buɗe asibitin Galmi a bakin babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa, bayan samun mulkin kai kuma asibitocin gunduma suka sami nasu ɗakunan awo. Duk abin da ɗakin ke ci daga waje yake zuwa: gilashi, rini, man da ake ɗiga wa madubi. Da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994, farashin waɗannan kaya ya ninka a dare ɗaya. Wanke gilashi a irin wannan hali ba rowa ba ce, har littattafan koyarwa na Hukumar Lafiya ta Duniya sun tanadi yadda ake yi: a jiƙa gilasan a ruwan sabulu kwana ɗaya ko biyu, a goge kowanne har shafin jini da mai su fita, a ɗauraye, a tsane da ƙyalle mara gashi, a ɗaga shi ga haske, wanda ya karce ko ya dishe a fitar da shi, sauran a naɗe su goma-goma a takarda don kada ƙurar hunturu ta hau su.

Amma a cikin wannan tattali akwai iyakar da ba a ƙetarewa. Gilashin da aka yi awon tarin fuka da shi ba a maido shi ga wannan aiki. Dalili biyu ne: ƙwayar tana iya maƙalewa ta ƙi fita da wanki, sannan ƙarcen da ke jikin tsohon gilashi yana riƙe jan rini ya yi kama da ƙwayar. Sakamakon shi ne a ɗora wa mai lafiya maganin wata 6, a raba masa kwano da iyalinsa, a kan cutar wani. Darasin da sana'ar ta koya tun lokacin shi ne cewa sake amfani ba halal ba ne gaba ɗaya, ba kuma haram ba ne gaba ɗaya. Abin dubawa shi ne wane irin kuskure zai iya haifarwa, kuma a kan wa zai faɗa.

Daga farkon wannan ƙarni matsayin gilashi ya fara sauyawa. Yunwar 2005 ta kawo ƙungiyar likitoci ta MSF Keita da Tawa, daga baya ta zauna a Madawa da Buza tana kula da yara masu tamowa da masassara. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar da zazzaɓin cizon sauro da gwaji kafin a ba da magani, ɗan robar nan mai nuna layi cikin minti 15 zuwa 20 ya bazu har ƙananan asibitocin ƙauye, kuma shi sau ɗaya ake aiki da shi a yar. A 2013 Madawa da Buza suna cikin gundumomin da aka fara ba wa yara maganin rigakafin masassara na damina. A ɗaya ɓangaren kuma, wata cuta da a da ake barin ta ga boka da wanzami ta fara samun suna a takarda. Tun 1992 ake rajistar masu ciwon daji a ɗakin awon nama na sashen koyon likitanci na Jami'ar Abdu Mumuni, kuma sankarar nono da ta bakin mahaifa ne kan gaba a cikin mata. A 2021 aka buɗe sashen gashi da haske a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. To amma ba a gasa ƙari ko a ɗaura ruwan magani sai an san sunansa, sunan kuma ba ya fitowa sai daga nama. Asibitin gunduma yana iya ciro naman, amma sarrafa shi da karanta shi, aikin da ma'aikata ke kira anapat, na manyan birane ne, tsakanin Madawa da Yamai kuwa kimanin kilomita 500.

Hanyar da naman ke bi tsohuwa ce. Ana tsoma shi a ruwan formol, wanda Ferdinand Blum ya gano amfaninsa a 1893, don kada ya ruɓe. A janye ruwan jikinsa da alkol, a dasa shi cikin kakin kyandir, a yanka da inji fallaye masu kaurin kashi 4 cikin 1000 na milimita, a ɗora kowanne a gilashi. Rinin farko kala biyu ne: shuɗin hematozilin, wanda ake samu daga wani itacen ƙasar Meziko, yana kama cibiyar ƙwayoyin halitta, jan iyozin kuma ya kama sauran. Wannan yana nuna siffa, sau da yawa kuma ya isa a ce daji ne. Abin da bai nunawa shi ne irinsa. A nan ne antibodi ya shigo, wato sinadarin garkuwar jiki da ba ya kama komai sai abu guda da aka yi shi dominsa. Albert Coons ya fara liƙa masa launi mai ƙyalli a 1941, Nakane da Pierce suka kawo launin da madubi na yau da kullum ke gani a 1966, Köhler da Milstein suka samo hanyar sarrafa antibodi iri ɗaya tak da yawa a 1975, a 1991 kuma wani mai suna Shi da abokan aikinsa suka nuna cewa dafa yankin nama yana buɗe abin da formol ya rufe. Amfanin wannan ga mara lafiya a fili yake. Ƙwayar tamozifen mai araha ce, a gida ake shan ta, amma tana aiki ne kawai ga sankarar nonon da ke ɗauke da makarɓin sinadarin mata. In ba a gwada ba, ko dai a hana mace maganin da zai taimake ta, ko ta yi shekaru tana sayen wanda ba ya yi mata komai.

Matsalar ita ce bisa al'ada kowane antibodi yana cin fallen nama guda, naman da ake cirowa da allura kuwa bai wuce siririn zare ba, kaurinsa milimita 1 zuwa 2. A lissafi ya kamata ya ba da fallaye fiye da 200, amma duk lokacin da aka mayar da kakin kan inji sai an fere fuskarsa kafin wuƙa ta daidaita, abin da aka fere kuma ya tafi ke nan. Fiye da haka, wani lokaci wurin da ake zargi 'yan ƙwayoyi ne ƙalilan da suka fito a fallen farko kawai, da an ƙara yanka sai a tarar babu su. Abin da ya rage a duniya na shaidar cutar shi ne wannan gilashi guda da aka riga aka rina. Dabarar ita ce a jiƙa gilashin a sinadarin zailin har siririn murfinsa ya saki, a bi da shi ta alkol, a cire shuɗin da alkol mai ɗan asid, jan ya fita da wanki, a dafa, sannan a zuba antibodi a kan waɗannan ƙwayoyin dai da ido ya zarga. Tun 1968 Paul Nakane ya nuna ana iya wanke antibodi da asid a zuba wani a yanki ɗaya. A 2000 ɗakin awon Jonathan Epstein a asibitin Johns Hopkins ya wallafa yadda sake rina irin wannan gilashi na naman ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza yake warware shari'o'i da dama, ko da yake ba duka ba. Daga 2009 aka fito da hanyoyin da ke amfani da wani jan launi mai narkewa a alkol: a rina, a ɗauki hoto, a wanke, a sake, har zagaye da yawa a gilashi guda.

A asibiti irin Johns Hopkins, idan nama ya ƙare, mara lafiya yakan dawo mako mai zuwa a sake ɗiba. Ga matar da ke wani ƙauye a dutsen Keita, dawowa tana nufin kuɗin mota na mutum biyu, domin ba ta tafiya ita kaɗai, da masauki, da barin gona ko garkar albasa, da sayar da akuya ko buhun hatsi, da neman yardar maigida da dangi karo na biyu. Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi: mutane da yawa sun yi imani cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya harzuƙa. Wadda ta daure ta yarda sau ɗaya, aka ce mata naman bai isa ba, ba lalle ta sake yarda ba, kuma watannin da za su wuce cutar ba ta jira. Don haka darajar fallen nama ba ɗaya ba ce a ko'ina; tana ƙaruwa da nisan mai shi daga ɗakin awo. Inda sake ɗiba ya fi wuya, a nan ne ya fi wajaba a tatse duk abin da yanki guda zai iya faɗa.

Masu suka suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Ta farko ita ce gilashin farko shaida ne, idan aka wanke shi an shafe abin da aka dogara da shi aka yanke hukunci, ba wani likita da zai iya sake dubawa. Wannan gaskiya ne, maganinsa kuma almajiri ya san shi: ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Kafin a taɓa gilashin dole a ɗauki hotonsa, da injin ɗaukar gilashi sukutum inda akwai, ko da kyamarar waya a bakin madubi inda babu, a sa likita na biyu ya gani, a rubuta a takardar sakamako cewa an yi hakan. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: hanyar tana iya yin ƙarya. Naman yana iya ɓantarewa ya bi ruwa wajen dafawa, musamman in ba a kan gilashi mai damƙa aka ɗora shi ba. Asid yana iya lalata abin da ake nema, sai launi ya ƙi fitowa alhali abin yana nan. Antibodin farko yana iya maƙalewa ya ba da launi a zagaye na biyu, launin ƙasa-ƙasa da aka fi amfani da shi kuwa in ya zauna ba ya fita. Wannan ita ce matsalar gilashin tarin fuka ta dawo da sabuwar riga, amsarta kuma ita ce ƙa'ida. Kowane ɗakin awo ya gwada kowane antibodi a kan naman da aka san amsarsa, ta wannan hanyar dai, kafin ya yi wa mara lafiya. A duba ko lafiyayyun ƙwayoyin da ke gefen ƙarin sun kama launin da ya kamata su kama. In ba su kama ba, rashin launi a ƙarin ba amsa ba ce, gwaji ne ya faɗi. Ya kamata kuma a fi shakkar sakamakon da ya ce babu fiye da wanda ya ce akwai a daidai wurin da ake tsammani.

Hujja ta uku ita ce wadda ta fi shafar Madawa. Ƙa'idar awon sankarar nono ta ce naman ya zauna a formol tsakanin awa 6 zuwa 72, a kuma tsoma shi cikin awa guda da cirowa. Naman da ya daɗe a faranti cikin zafin bazara kafin a tsoma shi, ko aka sa shi a formol da aka tsinka da ruwa ba bisa awo ba, ko ya yi makonni a kwalba yana jiran mota, ya riga ya yi rauni kafin ya isa; sake rini ba zai tayar da abin da ya mutu a hanya ba. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, sai dai ba ta rushe maganata ba, ta nuna inda aikin ke farawa ne. Tattalin nama ba a Yamai yake somawa ba, a ɗakin tiyatar gunduma ne: formol mai kashi 10 da aka haɗa daidai, mai yawan da ya ninka naman sau 10 ko fiye, da rubuta lokacin da aka tsoma a jikin kwalbar, da ranar mota tsayayya. Duk wannan bai kai kuɗin kwalbar antibodi ɗaya ba. Akwai kuma masu cewa a ƙasar da masassara da tamowa ke kashe yara kowace damina, maganar antibodi almubazzaranci ne. Amma matar da ke da ƙari a nono ita ce uwar waɗannan yaran, kuma ƙasar da ta riga ta gina cibiyar gashi da haske ta riga ta zaɓi ta yi maganin daji. Almubazzarancin gaske shi ne a ba da magani mai tsada a makance.

Hujjar ƙarshe ita ce akwai hanyar da ta fi: tun a yankan farko a fitar da fallaye da dama, a rina wasu, a ajiye saura fari a kan gilashi mai damƙa. Haka ne, kuma ita ce ya kamata ta zama al'ada ga duk ƙaramin nama da ya zo daga nesa. Sai dai fallayen da aka ajiye fari suna rage ƙarfi da daɗewa, zafi da laima kuma suna gaggauta hakan, sannan ba su da tabbacin ɗauke da wurin da ake zargi. Saboda haka hanyoyin biyu ba kishiyoyi ba ne, jeri ne: a fara da kyakkyawan formol, a yanka da tattali, a zaɓi antibodi kaɗan masu amsa tambayar da za ta sauya magani, a ajiye sake rini ya zama mataki na ƙarshe kafin a aika wa mara lafiya cewa ta dawo. Abin da ya kamata ya shiga takardar aika nama daga Madawa, Buza da Keita shi ne layi biyu da ba a saba rubutawa ba: ƙarfe nawa aka tsoma shi a formol, da kuma daga wane nisa mai shi ya zo. Na farko zai gaya wa likitan awo iyakar abin da zai gaskata a madubi, na biyu kuma zai gaya masa ko yana da ikon ya ce a sake ɗiba.